Rufin Makarantar Rijiyar Adda

Asabar, 10 ga Janairu, 1976

Taron ƙungiya yau a Kano, a ofishin Lauwali. Mu masu zanen gine-gine da ke da rajista a duk faɗin jihar nan tabarma ɗaya ta ishe mu, kuma a hakan ma biyu ba su zo ba. Lauwali ne shugaba. Shi ya karɓe ni a ma'aikatar ayyuka lokacin da na fito daga Zariya, kafin in ajiye aikin in dawo Kazaure in buɗe ɗan ofishina a shagon ƙofar gidanmu.

Magana ɗaya aka yi. Gwamnati za ta gina ajujuwa a kowane lungu kafin Satumba, saboda shirin karatun firamare kyauta. Kuɗin mai ya shigo, ana ta rabon kwangila, ba wanda ya tambaye mu ko da faɗin taga. Muna neman jiha ta yi doka: kada a fara ginin gwamnati sai akitek, wato mai zanen gini irinmu, mai rajista ya duba zanen, kuma ya riƙa zuwa wurin aikin da ƙafarsa har a gama.

Ni aka ɗora wa kai takardar. Babban Sakataren ma'aikatar, Alhaji Mele, mutumin Kazaure ne, aminin marigayi Baba. Lauwali ya ce, "Kai kaɗai ne a cikinmu masinja ba zai bari a benci ba."

Na ji daɗi. A nan dai zan iya faɗa. Tun daga Kano har gida ina ta yi wa sitiyari jawabi.

Lahadi, 11 ga Janairu

Matata Asma'u tana tsefe kai ta ce min mahaifinta ya samu kwangilar ajujuwa a ƙasar Gwiwa da Roni. Alhaji Maikasuwa. Mutumin da ya fi kowa sanin hatsi da shanu a kasuwar Babura, amma a sanina bai taɓa gina abin da ya wuce rumbu da katangar gidansa ba. Na ce Allah ya sa alheri. Ta ɗago ta dube ni. "Haka kawai?" Na ce haka kawai.

Laraba, 21 ga Janairu

Masinja ya bar ni a benci tun hantsi har bayan azahar.

'Yan kwangila da manyan riguna suna shiga suna fita. Ɗaya daga cikinsu na san shi, bara taya yake sayarwa a bakin tashar Kazaure. Ya gaishe ni da fara'a, ya shige.

Da aka kira ni, Alhaji Mele ya taso daga kujerarsa. "Halliru ɗan Malam, ka yi ƙiba. Aure ya karɓe ka." Ya tambayi lafiyar Inna, ya sa aka kawo min lemo, ya ba ni labarin yadda mota ta taɓa lalace musu shi da Baba a hanyar Daura. Takardar da hannu biyu ya karɓa, ya karanta kanta, ya ɗora a kan tulin da ke hagunsa. Ya ce in dawo tsakiyar watan gobe, lokacin ya karanta a tsanake.

Jawabin da na shirya ban furta ko rabin rabinsa ba. Ta yaya zan katse mutumin da ya kama makarar ubana?

Litinin, 16 ga Fabrairu

Na je, ban samu kowa ba. Tun da aka kashe Shugaban Ƙasa a Legas ranar Juma'a kowa kunnensa na jikin rediyo. Sojoji a hanya, an sauke mu an caje mota. Gari tsit, mutane na kuka a fili.

Ina dawowa na kama kaina ina tunanin ko takardarmu tana nan a kan tulin. Na ji kunyar kaina.

Alhamis, 4 ga Maris

Surukina ya aiko in je in duba masa ginin Rijiyar Adda, wani ƙauye a bayan Gwiwa. Yana zargin birkiloli suna rage masa siminti. Na je. Siminti lafiya lau, bulon ma ba laifi. Ba nan matsalar take ba.

Na nemi zanen, aka zaro min shi daga aljihun wani. Falle ɗaya ne, an yi ta kwafa har layukan sun dushe. Wani kamfanin ƙasar waje ya zana shi, kuma shi za a bi a duk jihar, tudu ko kwari. Ginin dogo ne, a kan tudu, ba bishiya ko ɗaya, ya ba gabas faɗin jikinsa. Ta nan hadari yake tasowa. Kwanon rufin ya zarce bango da nisa, iska za ta samu wurin kamawa. Sannan katakon rufin, ɗora shi kawai aka yi a kan bulo aka buga ƙusa. Babu rodin da aka binne a bango aka lanƙwasa a kansa. Ba laifin kafinta ba ne, zanen bai nuna ba. Na hau tsani na sa kafaɗa na ɗaga, katakon ya motsa.

Malam Lado, wanda zai zama hedimasta, yana biye da ni ko'ina. A zauren mai gari yake koyar da yara yanzu. Ya shafa bangon kamar yana shafa doki. Ya ce, "Ban taɓa koyarwa a ɗakin siminti ba."

Akwai wata mata mai sayar wa leburori dambu, Tasalla. Baki gare ta. Ta ce, "Injiniya, ka sauko ka ci, hawan sama da yunwa ba kyau." Na ce ni ba injiniya ba ne, zane nake yi. Ta ce to mai zane ma yana cin dambu. Ta ƙi karɓar kuɗina, ta ce in dai in tabbatar an saka 'yarta Bintu a ajin farko, kusa da taga.

Lahadi, 7 ga Maris

Babura. Na durƙusa a gefen tabarmar surukina, kaina a ƙasa, na yi bayani a hankali yadda na iya. Na zana masa da yatsa a ƙasa.

Ya saurara har ƙarshe, ban yi zato ba. Sannan ya ce, "Malam Halliru, abin da ke takarda shi aka ba ni, shi kuma mai dubawa zai duba. In na sauya, a ce na saɓa zanen gwamnati, a riƙe min biya. Ni da ban iya karanta shi ba ma, in ce na fi Turawan da suka zana? Ka je ka gaya wa su Mele su sa a takarda. Ranar da suka sa, washegari in yi."

Na so in ji haushinsa. Ban samu inda zan kama ba.

Talata, 23 ga Maris

Yau Alhaji Mele ya saurare ni. Na faɗi komai, har maganar katakon da ya motsa a kafaɗata. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Ku nawa ne?"

Na faɗa masa.

"To. Ajujuwa dubbai nake nema kafin Satumba. Daga sama aka ba da umarni, ba ni na zaɓi watan ba. In na ce kada a aza bulo sai ɗayanku ya je ya tsaya, wa zai je Kanya Babba, wa zai je Roni, wa zai je ƙauyukan da ko hanyar mota babu? Sai yara su tsufa a gindin bishiya ana jiran ku."

Na ce, Baba, to a gyara zanen kawai. Ɗan ƙaramin abu ne, a kusurwar takarda zai shiga.

Ya ce zanen da yarjejeniya aka karɓe shi daga kamfanin, ba ya taɓuwa sai kwamiti ya zauna. Zai kafa kwamiti, a kira mu, a kira injiniyoyi.

Tambayarsa ta wa zai je ƙauyukan nan ce ta hana ni sakat.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Kwamiti. Dogon tebur, fanka tana kaɗawa, kowa da fayil a gabansa.

Shugaban injiniyoyi ya ce rufi aikinsu ne, ba na masu zane ba, kuma idan za a yi dokar sa hannu to hannunsu ya kamata a fara nema. Lauwali ya tashi ya mayar masa. Daga nan aka koma kan wane ne babba tsakanin akitek da injiniya a matakin albashi. Sai maganar kamfanonin waje da suke cinye manyan ayyuka, wadda ita ce ta fi ci wa Lauwali rai, kuma yana da gaskiya. Sai maganar ladan zane.

Na ɗaga hannu na fito da ɗan zanen da na yi na ɗaurin katako. Mai jagorantar zaman ya karɓa, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce yana da kyau, amma ba ya cikin abubuwan da aka tsara tattaunawa yau.

A waje na ce wa Lauwali bai taimake ni ba. Ya ce, "Halliru, mu samu dokar tukuna. In mun shiga ɗakin sai mu gyara rufin." Ƙila shi ne mai hankali.

Juma'a, 23 ga Afrilu

Fayil ɗinmu ya ɓata.

Laraba, 5 ga Mayu

An gan shi. Yana wajen lauyoyin gwamnati, wai za su duba ko dokar ba ta ci karo da ta tarayya ba. Lauyan da ke riƙe da shi ya tafi kwas Ingila.

Zafi ya kai matuƙa. Da la'asar gabas ta fara yin duhu, sai ta washe.

Asabar, 15 ga Mayu

Na ɗauki kafinta da waya mai kauri a but ɗin mota, na tafi Rijiyar Adda. Na ce ko daga waje ne a huda bango a ɗaure katakon, ya fi babu.

Na tarar an gama, an yi fenti, mai dubawa ya zo ya karɓa. An sa kwaɗo a ƙofofin ajujuwa biyu, na ukun ko ƙyaure ba a kawo ba tukuna. Malam Lado ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Ginin ya zama na hukuma yanzu, in aka ga huda a bango shi za a tambaya, kuma bai daɗe da samun muƙamin ba. Ya ce in kawo masa takarda daga ofishin ilimi, ko layi biyu ne.

Na je ofishin ranar da na dawo daga Kano makon jiya ma kan wannan maganar, sun ce gini ba nasu ba ne, na ma'aikata ne. Ma'aikata ta ce yana gaban kwamiti.

Da na san zan iya, da na ture Malam Lado na huda bangon. Amma ina tsaye ina kallon fuskarsa, sai na ce wa kafinta ya mayar da wayar but.

Tasalla ta ɗaga min hannu daga bakin rijiya.

Litinin, 31 ga Mayu

Jiya da la'asar.

Mutane na dawowa daga kasuwa hadari ya taso. Da suka ga irin iskar, sai waɗanda ke kusa suka ruga makarantar, ajin da ba ƙyaure. Shi ne ginin siminti kaɗai a garin. Nan suka ga ya fi tsaro.

Iskar ta shiga ta ƙofa ta ɗaga rufin ɗungurum. Da zai tafi ya jawo layin bulon sama ya zubo ciki. Mutum huɗu sun ji rauni. Tasalla ta kifa a kan 'yarta, katako ya same ta a ƙeya. An ɗauko ta a bayan motar hatsi, ta cika kafin su iso Kazaure.

Direban motar ne ya gaya min da safe, ya tsaya shan shayi a ƙofar ofishina. Bai san na san ta ba.

Talata, 1 ga Yuni

Na je gaisuwa. Kwanon yana can cikin gonar gero, ya naɗe kamar tabarma. Yara suna wasa a kai.

Mijin Tasalla ya yi min godiya da na zo daga nesa. Ya ce kwananta ne ya ƙare. Na ce haka ne. Kuma haka ne, na yi imani da hakan. Amma na san tsawon rodin da ya kamata ya kasance a bangon nan, bai kai tsawon hannuna ba.

Yarinyar tana zaune a jikin kakarta, an ɗaure mata hannu da tsumma. Ban matsa kusa ba.

Malam Lado ya raka ni mota. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ka zo da waya ranar nan." Na ce bari wannan maganar, Malam. Ya ce, "Na san ka zo da ita." Na shiga na tayar da mota.

Alhamis, 3 ga Yuni

Surukina ya je, ya kai buhunan gero da turmin atamfa. An ce ya zauna a cikin ajin shi kaɗai ya daɗe yana kallon sama.

Asma'u ba ta cin abinci. Ga ciki ya fara nauyi. Yau da rana ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Za ka sa sunan Baba a rahoton da za ka rubuta?" Na ce zan rubuta cewa ɗan kwangila ya bi zanen da aka ba shi. Ta ce, "Gaskiya ce ai." Na ce gaskiya ce. Sai ta fashe da kuka, ban san ko na sauƙi ba ne.

Asabar, 5 ga Yuni

Lauwali ya zo Kazaure da kansa, da mai ɗaukar hoto. Ya yi min ta'aziyya kamar 'yar'uwata ce ta rasu. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙanta. Amma Halliru, in ba mu shiga da wannan ba, ba za mu taɓa shiga ba."

Na kai su. Ni na nuna wa mai hoton inda zai tsaya.

Laraba, 16 ga Yuni

Kwamishina ya gan mu, mu uku, ni da Lauwali da Alhaji Mele. Wannan karon ba benci.

Ya jera hotunan a tebur ya daɗe a kan wanda ya nuna takalmin roba a ƙarƙashin bulo. Ya tambaya ko akwai wasu makarantun da rufinsu ya tashi. Alhaji Mele ya ce an samu rahoto daga wurare da dama, amma ba a rasa rai ba sai nan. Kwamishina ya buga tebur ya ce ba zai yarda a kashe 'ya'yan talakawa da kuɗin gwamnati ba. Ya ce a kawo masa abin da zai sa wa hannu cikin wannan watan.

Na yarda da shi. Idonsa ya yi ja da gaske. A mota Lauwali yana ta dukan kafaɗata, ni ma har na yi dariya.

Litinin, 12 ga Yuli

Ta fito. Ba doka ba ce, takardar umarni ce daga ma'aikata. Daga yau ba za a biya ɗan kwangila ba sai zanen da ke fayil ɗinsa yana ɗauke da hatimin akitek mai rajista.

Na karanta har ƙasa, na juya bayanta. Maganar zuwa wurin aiki babu. Maganar gyara zanen, "za a duba a zango na gaba."

Na shiga wajen Alhaji Mele ko sallama ban yi da kyau ba. Bai yi fushi ba. Ya ce babu kuɗin zirga-zirga a kasafin bana, kuma in aka tsayar da aiki don a sake zane, Satumba ta wuce. "Na samo muku abin da zai samu, ɗana. Ka san wuyar da na sha kafin injiniyoyi su bari a rubuta sunanku ku kaɗai?"

Na ce, Baba, hatimi ba ya riƙe kwano.

Ya ce, "Na sani." Ya jawo wani fayil.

Asabar, 17 ga Yuli

Ƙungiya ta yi walima a gidan Lauwali, an gasa rago. An yi min tafi. Wani ya ce yanzu gwamnati ta san da mu. Na ci naman.

Talata, 3 ga Agusta

Tun da na buɗe ofishin nan ban taɓa ganin layi a ƙofarsa ba sai makon nan. Daga Yankwashi, daga Babura, daga Roni. Kowa da falle ɗaya a naɗe a hammata, zanen nan dai. Da yawansu sun riga sun gama ginin, biya kawai suke jira.

Na ce ba zan buga ba sai na je na ga an ɗaure rufi. Suka yi ta roƙo, wasu suka haɗa ni da Allah, wani ya kawo Inna cikin maganar. Na ƙi.

Juma'a, 13 ga Agusta

Layin ya watse. Ashe Kano suka tafi. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu yana bugawa ko zanen ba ya warwarewa. Ba zan rubuta sunansa ba, tare muka yi karatu.

Mai sayar da tayar nan ya tsaya ya nuna min nasa, ba da mugunta ba. Ya ce, "Da ka buga mana, da kuɗin ya tsaya a gida."

To me na hana? Rufin yana nan yadda yake, an biya su, ni kuma na rasa ko damar yi musu magana.

Litinin, 30 ga Agusta

Azumi. Na sauya shawara. Duk wanda ya zo, zan zana masa ɗaurin katako da jan biro a kusurwar takardar, in yi masa bayani, ya yi min alkawari, sannan in buga. Ko rabinsu suka cika an rage.

Na gaya wa Lauwali. Ya ce dabara ce mai kyau, zai kawo ta a taro.

Litinin, 6 ga Satumba

An buɗe makarantu. Ganguna a Kazaure, yara da sababbin riguna har ba su san inda za su tsaya ba. Duk da komai abin ya taɓa ni.

Rijiyar Adda an sake rufi. Surukina ya yi da aljihunsa, ya aiko a ɗauke ni, ya tsaya a rana da azumi a bakinsa har aka lanƙwasa rodi na ƙarshe a gabana. Wannan ɗaya dai ba zai tashi ba.

Malam Lado ya ce da an ga gabas ta yi duhu iyaye mata suke zuwa su kwashe 'ya'yansu. Bintu ba ta zo ba. An kai ta wajen dangin uwarta.

Alhamis, 16 ga Satumba

Na bi ta Roni in ga ɗaya daga cikin waɗanda na yi wa jan biro. Ba a ɗaure ba. Kafintan bai taɓa ganin jan zanen ba. Takardar da na buga wa hatimi tana Kano a fayil, shi tsohon kwafi ne a aljihunsa.

Ɗan kwangilar da ya rantse min ya tafi Umara.

Na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Ƙishirwa, ko dai ban sani ba.

Laraba, 13 ga Oktoba

An yi wa Alhaji Mele ritaya. Ya dawo Kazaure, na je gaishe shi, na same shi yana ba tumaki dusa. Ya ce in yafe masa in akwai abin yafewa. Na ce babu komai, Baba.

Sabon Babban Sakatare ban san shi ba, bai san ni ba. Masinja ya ce fayil ɗin dokar an rubuta masa "a ajiye."

Asabar, 30 ga Oktoba

Asma'u ta sauka lafiya, mace. Alhamdu lillahi.

Na canza mota. Tsohuwar ta gaji, kuma da jaririya ba za a yi ta turi a hanya ba.

Talata, 23 ga Nuwamba

Damina ta wuce, ba a ƙara jin wani rufi ya taɓa kowa ba. Sai kuma baɗi.

Aiki ya yi yawa yau. An fara zango na biyu, har da ɗakunan shan magani a Kanya Babba da ƙauyukan Babura. Zanen ajin bai sauya ba. Mutane tun safe. Na yi wa na farko-farko jan biro, sai biron ya ƙare, ban samu wanda zan aika kanti ba. Sauran na buga musu. Na ƙarshen sun zo a ɗaure da roba, mai su yana sauri zai kama motar Kano, na ɗaga gefen kowanne na buga. Ai na san abin da ke ciki.

Jaririyar ta fara bin mutum da ido. Inna ta ce goshin Baba ne.

Lauwali ya aiko direban tasi da saƙo. Wai an samu ganin sabon Babban Sakatare ranar Alhamis, za a sake tayar da maganar dokar, da zuwa wurin aiki da komai. Yana so in zo in ba da labarin Rijiyar Adda da bakina, ya ce ba wanda yake faɗarsa kamar ni.

Na ce a gaya masa mota ba lafiya.

Tayar baya ta ɗan yi sanyi, gaskiya. Gobe sai in sa a duba.